Ganyen Miya: Muna Sayar Da Lafiya A Kasuwa, Muna Komawa Sayen Magani

Duk wanda ya saba bin babbar hanyar da ta taso daga Dosso, ta ratsa Dogon Dutsi, ta wuce Dankasari ta nufi Birnin Ƙonni, ya san yadda kasuwannin ƙasar Arewa ta Arawa ke cika maƙil da kayan lambu da zarar sanyi ya kama, wato daga watan Disamba har zuwa Maris. Ga tumatir cikin kwanduna, ga shu wanda wasu ke kira kabeji, ga salak da karas, ga albasa da lawashinta, ga kuma dankalin turawa da manoman Dogon Dutsi suka yi suna da shi. Can gefe guda kuwa, inda ba kowa ke waiwayawa ba, tsofaffi ne da 'yan mata daga ƙauyuka irin su Lugu da Bagaji suka shimfiɗa buhunna, suka kasa garin kuka da busasshiyar kuɓewa da yakuwa da tafasa da yoɗo, suna jiran mai saye.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan batu a yau shi ne wata tambaya da ta daɗe tana ci mana tuwo a ƙwarya. Daga cikin wannan kaya da ake hada-hadarsa tun safe har faɗuwar rana, nawa ne ke komawa tukunyar gidan mai sayarwa? Kowace 'yar kasuwa ta san amsar a zuciyarta: kaɗan ne ƙwarai. Mai kyan a sayar wa baƙo, mai bi masa a loda wa motar Yamai ko ta Dosso, sai wanda ya yi yaushi ko ya fara ruɓewa shi ake ƙullawa a leda a kai gida, wani lokaci ma akuya ce ke cin moriyarsa. Ribar da aka samu kuwa ba ta jimawa sai ta tafi wurin mai sayar da magani, ko dai yaro ya yi fari fat babu jini, ko uwar gida na fama da jiri, ko kuma hawan jini ya taso wa maigida. Irin abin nan ne da Hausawa ke kira gida bai ƙoshi ba an kai wa dawa.

Wai abincin yunwa ne?

An fi sanin garin Lugu, wanda ke cikin yankin Dankasari, da tarihin Sarauniya Mangu, wadda ta tari rundunar sojojin Faransa a watan Afrilun 1899. Amma akwai wani gado na daban da matan wannan yanki suka riƙe, wanda ba a cika yin maganarsa ba, shi ne sanin ganyen daji. Tsohuwa a Lugu ko Matankari ko Gesheme za ta iya lissafa maka ganyaye fiye da goma da ake ci, ta faɗa maka lokacin fitowar kowanne da yadda ake sarrafa shi: tafasa da rama da lalo da gasaya da alayyafo da damina, yaɗiya da jiga lokacin da ƙasa ta bushe, kuka da kuɓewa da yoɗo kuwa a shanya su a ci duk shekara.

Sai dai wannan sani yana neman gushewa, kuma babban dalili shi ne kunya. Shekarun fari sun bar tabo a zukatan jama'a. A 1984, da kuma 2005 bayan fari da farin dango sun cinye amfanin gonar 2004, gidaje da dama a Nijar sun koma ga ganye da 'ya'yan anza saboda babu gero a rumbu. A 2005 har 'yan jaridar ƙasashen waje suka riƙa nuna hotunan mata na tsinkar ganye a matsayin alamar yunwa. Tun daga nan wasu suka ɗauka cewa duk gidan da aka ga ana dafa tafasa, to babu ce ta kama su. Yarinyar da ta tashi a birni ma takan ji nauyin a gan ta da kwaɗon rama, ta fi son a gan ta da taliya da lemun kwalba.

A nan ne ya kamata mu bambanta abu biyu. Cin ganye tsurarsa babu hatsi, babu wake, babu mai, wannan yunwa ce, kuma babu mai yi wa kowa fatanta. Amma ganye a gefen tuwo, ko a cikin dambu, ko a cikin faten wake, wannan shi ne abincin da likitocin duniya ke roƙon masu kuɗi su koma gare shi. Har Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware shekarar 2021 sukutum a matsayin shekarar kayan lambu da 'ya'yan itatuwa. Zogalen da muke rainawa a bayan ɗaki, garinsa ake ƙullawa cikin kwalabe ana sayarwa da tsada a Turai da Amurka.

Me ke cikin ganyen?

Tuwon gero da fura suna ba jiki ƙarfin aiki, babu mai musun wannan. Amma jiki kamar mota yake, man fetur kaɗai ba ya isarta, sai da baƙin mai da ruwa. Akwai wasu sinadarai da jiki ke buƙata 'yan kaɗan kullum, waɗanda idan babu su mutum zai ƙoshi amma ba zai yi lafiya ba.

Na farko shi ne bitamin A. Shi ne ke kula da ido da fata, yana kuma taimaka wa jiki wajen yaƙi da cututtuka irin su ƙyanda da gudawa. Rashinsa ne ke kawo dundumi, inda yaro ko mai ciki ba sa gani da zarar magariba ta yi. Jiki na samar da shi daga ganye mai duhun kore kamar zogale, alayyafo, gasaya da ganyen wake, da kuma kayan lambu masu launin ruwan goro kamar karas da kabewa.

Na biyu shi ne ayon, wato sinadarin ƙarfe da jiki ke gina jini da shi. Idan ya yi ƙaranci sai a ga mutum ya yi fari, yana yawan gajiya, numfashi na yi masa wuya idan ya ɗauki kaya. Ana samunsa a alayyafo, kuka, zogale da wake, ko da yake na nama da hanta da kifi ya fi saurin shiga jiki.

Na uku shi ne bitamin C, wanda ke cikin tattasai, tumatir, shu, ɗanyar yakuwa da lemun tsami. Yana taimakawa wajen warkewar rauni da lafiyar dasashi. Babban amfaninsa a wurinmu kuma shi ne yana buɗe wa ayon ɗin da ke cikin gero da ganye hanyar shiga jini. Ke nan mai sayar da kwaɗon da ke yanka tumatir da albasa ta matsa lemun tsami a kai, ta yi aikin likita ba tare da ta sani ba.

Na huɗu shi ne folet, wanda mace ke matuƙar buƙata tun kafin ta ɗauki ciki da kuma makonnin farko, domin shi ne ke rage haɗarin haihuwar jariri da buɗaɗɗen ƙashin baya. Kuɓewa da koren ganye da wake duk suna da shi. Sai kalsiyam mai gina ƙashi da haƙori, wanda ganyen kuka da zogale ke ɗauke da shi da yawa, da fotasiyam mai taimakawa wajen sassauta hawan jini.

Bugu da ƙari, akwai zaren da ke cikin ganye, wanda likitoci ke kira faiba. Shi ba ya narkewa, amma shi ne ke share hanji, ya hana taurin bayan gida da ke tayar wa mutane da basir, ya kuma rage saurin hawan suga a jini bayan an ci abinci. Ga 'yan kasuwa masu wuni a zaune a rumfa, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Alƙaluman da ya kamata mu sani

Binciken lafiyar jama'a da Cibiyar Ƙididdiga ta Ƙasa ta Nijar ta gudanar a 2012 ya gano cewa kashi 73 cikin 100 na yara 'yan wata 6 zuwa shekara 5 suna fama da ƙarancin jini, haka ma kashi 46 cikin 100 na mata masu shekara 15 zuwa 49. Wato idan yara goma na wasa a ƙofar gida, bakwai daga cikinsu jininsu bai kai yadda ake so ba. Gaskiya ne ba abinci kaɗai ke jawo haka ba, zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki da ciwon sikila duk suna da hannu, amma rashin ayon a abinci na cikin manyan dalilai.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yara 250,000 zuwa 500,000 ne ke makancewa kowace shekara a duniya saboda rashin bitamin A, kuma rabinsu kan mutu cikin shekara guda bayan sun rasa ganin. Wannan ne ya sa tun daga 1997 aka fara haɗa rabon ƙwayar bitamin A da allurar rigakafin shan inna a Nijar, ana ɗiga wa yara a baki. Har ila yau hukumar ta ƙiyasta cewa a shekarar 2017 mutane miliyan 3.9 ne suka mutu a duniya ta sanadiyyar cututtukan da ke da nasaba da ƙarancin cin kayan lambu da 'ya'yan itatuwa, irin su ciwon zuciya, shanyewar ɓarin jiki da wasu nau'o'in ciwon daji.

A da mukan ce hawan jini da ciwon suga cututtukan manyan alhazai ne. Yanzu kuwa babu layin kasuwar da za ka shiga ba ka tarar da mai shan maganin ɗaya daga cikinsu ba. Cimarmu ta sauya, farar shinkafa da taliya da burodi da mai da suga sun ƙaru, ganye ya ragu.

Nawa ya kamata a ci?

Tun a 2003 Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci da Aikin Gona suka ba da shawarar cewa babban mutum ya ci aƙalla giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itatuwa a kowace rana. A sauƙaƙe, kamar cikin hannu biyar ke nan, a rarraba daga safe zuwa dare. A 2023 hukumar lafiyar ta ƙara da cewa yaro ɗan shekara 2 zuwa 5 na buƙatar aƙalla giram 250, ɗan shekara 6 zuwa 9 kuwa giram 350.

Akwai abin lura a nan, musamman ga mutanen Dogon Dutsi. Dankalin turawa da rogo da doya ba sa cikin wannan lissafi, domin su dangin tuwo ne. Wanda ya ci soyayyen dankali ya ƙoshi, amma bai biya bashin ganye ba.

Idan muka duba tukunyarmu da idon basira za mu ga inda gizo ke saƙar. Cokali biyu na garin kuka ne ake kaɗawa a tukunyar da mutum goma sha biyu za su ci. Miyar ta yi yauƙi, tuwo ya wuce, amma abin da ya isa cikin kowane yaro bai taka kara ya karya ba. Miyar kuka na da amfani, sai dai ita kaɗai ba ta isa ba. A ƙara da kwaɗon zogale ko na rama da rana, a zuba alayyafo ko kabewa a faten wake, a yanka shu da karas a kan shinkafa, a ba yara gauta ko tumatir su ci ɗanye bayan an wanke. Kuma a riƙa sauyawa, domin abin da wannan ganye ya rasa, wancan yana da shi.

Ɓarnar da ake yi a murhu

Sau da yawa an sayi ganyen, amma a wurin girki ake kashe amfaninsa. Abu na farko shi ne kanwa. Ana zuba ta don ganye ya yi laushi da wuri, ya kuma riƙe korensa, amma tana lalata bitamin C da wasu daga cikin dangin bitamin B. Idan ba za a iya barinta gaba ɗaya ba, to a rage ta sosai.

Na biyu shi ne doguwar dahuwa. Ganye mai taushi kamar alayyafo da shu ba ya buƙatar ya wuni a wuta. A zuba shi daga ƙarshe, a rufe tukunya, a sauke da zarar ya nuna. Ruwan da aka dafa irin wannan ganye da shi kuma kada a zubar, a mayar da shi cikin miya, domin wani kaso na amfanin ya narke a ciki. Ganye mai ɗaci ko mai tsami sosai da aka saba tsiyaye ruwan farko, wannan daban ne, a bi yadda iyaye suka koyar.

Na uku, a wanke ganye kafin a yanka shi. Wadda ta yanka sannan ta jiƙa a ruwa, ta wanke amfanin ta zubar.

Na huɗu, a sa ɗan mai. Jiki ba ya iya jan bitamin A daga ganye da karas sai da maiƙo. Ɗan man gyaɗa ko ƙuli-ƙuli ko dakakkiyar gyaɗa ya wadatar. Kakanninmu da suka haɗa zogale da ƙuli-ƙuli sun san abin da suke yi.

Na biyar shi ne shayi. Shan shayi mai kauri a kan abinci yana hana ayon shiga jiki. Ga mai ciki da mai shayarwa da duk mai ƙarancin jini, ya fi kyau a jinkirta shi kamar awa guda bayan cin abinci.

Na shida kuwa gishiri da dunƙulen ɗanɗano. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da babban mutum zai ci a rana ya kai giram 5, wato ƙasa da ƙaramin cokalin shayi. Dunƙulen kuwa kusan rabinsa ko fiye gishiri ne. Miyar ganyen da aka cika wa dunƙule huɗu ko biyar ba za ta sauke wa kowa hawan jini ba. Daddawar kalwa da daddawar batso, da albasa da tafarnuwa da gabu, suna ba miya ɗanɗano ba tare da an kai ga haka ba.

Shanya da ajiya

Matsalar yankin Arewa ba rashin kayan lambu ba ce kawai, rashin daidaito ne. A kwarin Dallol Mawuri, daga wajen Matankari da Dogon Dutsi zuwa Kore Mai Ruwa da Tibiri, ruwa na kusa, kuma noman rani ya samu gindin zama tun bayan farin 1984, lokacin da gwamnatin Seyni Kunce ta yi gangami a kansa. Gwamnatin Mahamadou Issoufou da ta hau mulki a 2011 ita ma ta sa noman rani a gaba cikin shirinta na 'yan Nijar su ciyar da 'yan Nijar. To amma kayan kan fito a lokaci guda, farashi ya faɗi warwas a watan Fabrairu da Maris har a riƙa zubar da tumatir, sannan da bazara a neme shi ruwa a jallo. Kuma a daidai lokacin ne rumbu ke yin ƙasa, yara ke ramewa.

Maganin wannan tsohon abu ne a wurinmu, wato shanya, sai dai a gyara yadda ake yi. Ganyen da aka baza a ƙasa cikin tsakar rana yana asarar yawancin bitamin A ɗinsa, ga ƙura, ga kaji da awaki. A shanya shi a inuwa mai iska, a kan tabarma mai tsafta da aka ɗaga daga ƙasa. Alamar ganyen da ya bushe da kyau ita ce ya riƙe korensa, wanda ya koma ruwan ƙasa ya riga ya yi asara. A adana shi a mazubi mai murfi, nesa da laima da haske. Busasshen ganye ya rasa yawancin bitamin C, amma ayon da kalsiyam na nan daram, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na busasshen ganyen zogale furotin ne mai gina jiki.

Masu kauɗar tumatir ma su guji shanyawa a bakin kwalta. 'Yan kasuwa ba su manta da 2016 ba, lokacin da tsutsar nan da manoma suka sa wa suna sharon ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Katsina, farashi ya ninka sau da yawa. A irin wannan shekara mai kauɗa a ɗaki ita ce sarauniyar kasuwa.

Ga ɗanyen kaya kuwa akwai dabarar randa cikin randa, wadda wani malami daga Jihar Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa a shekarun 1990 har ya samu kyautar Rolex a 2000. Ana sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi, a riƙa jiƙa yashin safe da yamma, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa. Yayin da ruwan ke bushewa sai cikin tukunyar ya yi sanyi. Tumatir da tattasai da gauta da kan lalace cikin kwana biyu ko uku sukan daɗe sosai a ciki, musamman da rani lokacin da iska ta bushe. Ba ta buƙatar lantarki, maginan tukwane kuma muna da su.

Ruwan wanki da maganin feshi

Ba za mu yi wa masu karatu adalci ba idan muka ɓoye cewa kayan lambu na iya zama hanyar cuta. Salak da shu da karas da ake ci ɗanye, idan an yi masu ban ruwa ko an yayyafa masu ruwan tafki ko na kwata don su yi sheƙi, suna iya ɗauko taifot da atuni da tsutsar ciki da kwalara. A 2021 annobar kwalara ta ratsa jihohi da dama na Nijar, har da Dosso. Don haka 'yar'uwa mai sayarwa, ruwan da ba za ki iya sha ba kada ki yayyafa wa kayanki. Ki ɗaga su daga ƙasa, ki rufe kwaɗo daga ƙuda, ki sa cokali maimakon hannun da ke karɓar kuɗi. Uwar gida kuma ta wanke salak ganye-ganye da ruwa mai tsafta, ta tambayi ma'aikatan lafiya adadin ruwan jabel da ake ɗigawa a jiƙa shi.

Sai maganin ƙwari. Kowane maganin feshi na da kwanakin da ake jira kafin a ɗebi amfani, kuma ana rubutawa a jikin kwalba. Manomin da ya yi feshi yau ya kawo kasuwa gobe, guba ya sayar. Haka wanda ke zuba piya-piya a busasshen kaya don kada su yi ƙwari. Saboda ragowar irin wannan magani ne Tarayyar Turai ta dakatar da sayen waken Nijeriya a 2015. Dillalai da masu sari suna da ƙarfin gyara wannan, domin idan suka riƙa tambaya, suka kuma ƙi ɗaukar kayan da ke warin magani, manomi zai shiga taitayinsa.

Lissafin 'yar kasuwa

To, mene ne abin yi? Shawararmu ta farko ita ce a cire kason gida tun kafin a kasa kaya. Kamar yadda ake ware kuɗin adashi ba a taɓawa, haka za a ware cikin ƙwarya guda na mai kyau a ce wannan na yara ne. Idan aka kwatanta kuɗinsa da na ƙarin jini ko na kwana uku a asibiti, da kuma cinikin da za a rasa a kwanakin jinya, za a ga ba asara ba ce.

Ta biyu, a sauƙaƙa wa mai ƙaramin ƙarfi. Kashi na dala biyar ko dala goma, ko ƙullin haɗin miya mai ɗan ganye da tumatir da albasa, yana jawo matar da ba za ta iya sayen tiya ba, kuma ita ce za ta dawo gobe.

Ta uku, idan kaya ya yi araha a saya a shanya, ko mutum ɗaya ko ƙungiyar mata, a fitar da shi daga watan Mayu zuwa Yuli.

Ta huɗu, a dasa zogale ko da biyu ne a bayan ɗaki inda ruwan alwala da na wanke hatsi ke zuba. Yana saurin girma, cikin 'yan watanni ake fara tsinka. Manoman Jiratawa kusa da Maraɗi sun mayar da shi sana'a, babu abin da zai hana matan Lugu da Dankasari cin moriyarsa ko da a tukunyar gida ce. Bishiyar kuka da ke gona kuma a bar yi mata sassaka da sara babu ƙa'ida.

Ta biyar, a tuna da na goye. Jariri nono zalla yake buƙata har wata shida. Daga nan sai a fara ba shi kunu mai kauri da aka sa wa garin zogale ko dafaffiyar kabewa da ɗan ƙuli-ƙuli, a ci gaba da shayarwa. Yarinyar da ke wuni da tallan kwaɗo a ka, ita ma a tabbatar ta ci nata kafin ta fita.

Ganye ba asibiti ba ne

Daga ƙarshe muna jan hankali game da masu yawo da lasifika a kasuwanni suna cewa garin kaza na warkar da cuta arba'in. Ganye abinci ne mai kare jiki, ba ya maye gurbin likita. Mai hawan jini ko ciwon suga kada ya ajiye maganinsa don yana cin zogale. Mai ciki ta je awo, ta sha ƙwayoyin ƙarin jini da ake ba ta, ta kuma nisanci saiwa da ɓawon zogale, ganyen kaɗai ake ci. Mai ciwon ƙoda ya nemi shawarar likita kafin ya yawaita ganye. Yaron da ya rame ƙwarai, ko ƙafafunsa suka kumbura, tamowa ce, a garzaya da shi asibiti ba tare da ɓata lokaci ba. Idan masu ɗiga bitamin A suka zo unguwa kuma a fito da yara.

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, kuma wannan rigakafin ba daga waje ake shigo da shi ba. Yana cikin kwandon da ke gabanki, yana cikin buhun tsohuwar da ta taso daga Lugu tun da asuba. Ranar kasuwa mai zuwa, kafin ki ce wa mai saye albarka, ki fara cire na gida. Allah Ya ba mu lafiya da kasuwa mai albarka.